Wa Zai Sara Wa Wa? Gaisuwar Sojoji Da Kufan Soba

Idan Bazazzagi ya ji an ce Soba, ba inda hankalinsa zai tafi sai garin nan namu da ke kan hanyar Zariya zuwa Pambeguwa. To, ba ita nake nufi ba. Akwai wata Soba a ƙasar Sudan, a bakin kogin da ake kira Shuɗin Nilu, kimanin kilomita 20 kudu maso gabas da tsakiyar birnin Khartum. Na san ta ne a shekarun da na yi ina karatu a can, kuma a kan hanyarta na ga wani ɗan abu wanda a lokacin dariya ya ba ni, amma yau idan na tuna shi sai jikina ya yi sanyi.

Wata Juma'a ce, ni da wani abokina Bahaushen Sudan, haifaffen garin Mai Wurno, muka hau mota za mu je mu ga kufan tsohon birnin. A hanya aka tsayar da mu a wani shingen sojoji. Mai kula da shingen wani dattijo ne mai igiya uku, abin da mu muke kira saje, su kuma suke kira shawish, gashin bakinsa duk furfura. Muna nan sai ga wata mota ta tsaya, wani yaro hafsa ya fito, wanda a haife dattijon nan ya haife shi. Kafin ka ce kwabo tsohon ya ƙame, ya buga ƙafa har ƙura ta tashi, ya sara masa, ya ce, "Tamam, sa'adtak." Yaron ya mayar masa da sarawar ya wuce. Ba a yi minti biyar ba, ina leƙe ta tagar mota, sai na hango su a bayan tanti, yaron ya cire hula, ya dafa kafaɗar tsohon kamar yadda mutanen Sudan ke yi kafin su yi musafaha, yana ce masa "ya ammi", wato baffa, yana tambayarsa mutanen gida.

Abin ya tuna mini da kakana, Allah Ya jiƙansa, wanda ya yi yaƙin Bama. Ina yaro na taɓa tambayarsa ko ba ya jin haushi ya sara wa Baturen da bai kai shi shekaru ba. Ya ce, "Kai ɗan nan, durƙusa wa wada ai ba gajiyawa ba ne. Ba yaron ake sara wa ba, aninin da ke kafaɗarsa ake sara wa, aninin kuwa na mai ƙasa ne." Na daɗe ina juya wannan magana. In dai aninin na mai ƙasa ne, to duk ranar da soja ya ɗaga hannu ya kai goshi, yana faɗa wa duniya ne wane ne mai ƙasar a wurinsa. Da wannan ma'auni nake so mu bi tarihin Soba da Khartum da Umdurman, domin a can an yi ta canja mai anini, kuma duk canjin da aka yi, a gaisuwar soja ake fara ganinsa.

Ita Soba babban birnin daular Alwa ce, ɗaya daga cikin daulolin Kiristocin Nuba. Wani manzo daga Masar mai suna Ibn Sulaim al-Aswani, wanda ya shiga ƙasar Nuba a ƙarni na 10, ya ba da labarin gine-ginenta da lambunanta da majami'unta masu yawan zinariya, da unguwar Musulmi da ke cikinta, ya kuma ce sarkinta ya fi na Dongola yawan dukiya da mayaƙa. Tarihin Funj ya ce a wajen 1504 Amara Dunƙas da Abdullahi Jamma suka ci ta, ko da yake masu haƙa ƙasa sun nuna ta fara lalacewa tun kafin nan. Wani matafiyi Bayahude, Dawud Rubeni, da ya bi ta wurin a 1523, kango ya tarar. Mutanen Sudan kuwa suna da tasu tatsuniyar. Suna cewa wata tsohuwa ce mai suna Ajuba ta ci garin, domin tana da 'ya kyakkyawa, duk jarumin da ya zo neman aure sai ta karɓi dukiyarsa ta ce sai ya kashe wane kafin a ba shi, har jaruman garin suka gama da juna. Shi ya sa har gobe in abu ya lalace ƙarƙaf sai su ce ya yi lalacewar Soba. Ranar da muka je, tudun fasassun jan bulo muka tarar da awaki suna kiwo. Bulon da ya yi saura ma, a ƙarni na 19 an yi ta kwasarsa ana gina Khartum da shi.

Gaisuwar mazajen fama ta asali a wannan yanki ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Na fara ganinta a wani biki a Umdurman. Namiji zai fito tsakar fili ya ɗaga hannun dama sama da kai, da sanda ko takobi, ko ya riƙa kaɗa yatsu, yana girgizawa a kan wanda yake girmamawa yana cewa "abshir", wato yi murna, ina tare da kai. Ina gani na ce wa abokina, wannan ai jinjina ce. Ita ce dai wadda baradenmu ke yi wa sarki ranar hawan salla, su sako dawaki a guje kamar za su tattake shi, sai sun zo gabansa su ja linzami su ɗaga masu da takubba. Baturen nan Denham ya rubuta cewa da irin wannan jahi mahayan Shehun Barno suka tarye su a ƙofar Kukawa a 1823. A jinjina makami na hannu, a zare, ana nuna wa shugaba cewa ga shi nan, nasa ne. Kuma mutum ake yi wa ita, shi da kansa, wanda aka san sunansa da na ubansa.

Sarawa irin ta bariki da Turkawa ta shigo. A 1820 Muhammad Ali Basha na Masar ya turo ɗansa Isma'il da runduna, a 1821 sarkin Sinnar ya miƙa wuya. Khartum kanta sansanin soja ce kafin ta zama birni. Abin da Basha yake nema a Sudan shi ne zinariya da bayi, bayin kuwa don ya mayar da su sojoji irin na Turai. Aka riƙa kamo samari daga duwatsun Nuba da kudancin ƙasar ana kora su Aswan, inda wani tsohon hafsan Faransa da ya musulunta, Sulaiman Basha, yake koyar da fareti. Waɗannan su ne aka sani da jihadiyya. Da Turkanci ake ba su umarni, muƙamansu ma na Turkanci ne: onbashi mai mutum goma, yuzbashi mai ɗari, bimbashi mai dubu, sai ƙa'immaƙam da miralai a sama. Idan babba ya kira ƙarami, amsar ita ce "afandim", wato ranka ya daɗe. Yaron da jiya aka raba shi da uwarsa da igiya a wuya, yau an koya masa ya tsaya cak, ya dubi gabansa, ya gaida wanda bai taɓa sani ba saboda alamar da ke jikin rigarsa.

Wannan kalma ta afandi ta yi tafiya mai nisa, kuma labarinta ya biyo ta kan wani mutum da muka sani. Bayan Mahadi ya ci Sudan, wasu sojojin Masar 'yan Sudan sun maƙale can kudu a bakin tafkin Albat, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Salim Bek. A 1891 wani kyaftin ɗin Ingila ya iske su ya nemi su shiga aikinsa a Yuganda. Salim Bek ya ce shi tutar Khidiwin Masar ya yi wa rantsuwa, ba zai sauya ba sai da izinin Khidiwi, sai da aka yi yarjejeniya a kan haka sannan ya bi shi. Shekaru suna cikin daji, ba albashi ba wasiƙa, amma bai manta mai aninin ba. Daga bakin waɗannan sojoji kalmar ta bazu, har yau a Yuganda da Kenya da Tanzaniya "afande" ake ce wa hafsan soja ko na 'yan sanda. Kyaftin ɗin nan kuwa shi ne Lugga, wanda daga baya aka ba shi aikin kafa rundunar Afirka ta Yamma a 1897, sojojinsa suka ci Kano da Sakkwato a 1903.

Mu koma Khartum. A ranar 26 ga Janairu 1885 mayaƙan Muhammad Ahmad, wanda ya ce shi ne Mahadi, suka shiga birnin aka kashe Gordon Basha. Mahadi ya ƙi zama a birnin Turkawa, ya tsallaka kogi ya zauna Umdurman. Ya soke su basha da bek, ya hana shigar Turkawa, ya sa kowa ya sa jibba mai faci, ya ce a kira mabiyansa Ansaru. Muƙamai suka koma amir da shugaban ɗari da muƙaddam. Abin da ya ɗaure soja da shugabansa ya koma mubaya'a, hannu cikin hannu, a kan Allah da ManzonSa da Mahadi. Bai daɗe ba ya rasu a watan Yuni na shekarar, Halifa Abdullahi ya gaje shi. Silatin, Baturen Ostiriya da ya shafe shekaru yana tsare a ƙofar Halifa kafin ya gudu a 1895, ya ba da labarin cewa mai shiga gaban Halifa sai ya ajiye makaminsa, ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya sunkuyar da kai har sai an ba shi izinin zama. Maƙiyi ne ya rubuta, a riƙe wannan, amma duk wanda ya san zaman fada a ƙasar Hausa ba zai yi mamaki ba.

A fili kuwa, kowace Juma'a akan yi arda, wato fitar da runduna a gaban Halifa. A busa ƙahon hauren giwa da suke kira umbaya, a buga tamburan tagulla, kamar dai yadda kakaki da tambari ke yi a wurinmu, rundunoni su fito kowace a bayan tutarta: baƙar tuta ta Halifa a hannun ɗan uwansa Yaƙub, koriya ta Halifa Ali wad Hilu, ja ta Halifa Sharif. Mahaya su sako dawaki suna girgiza masu suna kabbara. Filin ya ɓace cikin gine-gine, amma sunan na nan. Babban titin Umdurman da ake kira Shari'ul Arda, wanda na sha hawa mota a kansa, daga nan ya samo sunansa. Labarin wannan daula ya iso har ƙasarmu. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya yi wa Mahadi mubaya'a ta wasiƙa. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas har bakin Shuɗin Nilu, inda suka kafa garin da abokin nan nawa ya fito.

A ranar 2 ga Satumba 1898 aka yi yaƙin Karari a arewacin Umdurman. Ansaru fiye da 10,000 suka kwanta dama cikin 'yan sa'o'i, a ɓangaren Kicina kuwa waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. Bayan kwana biyu aka tsallaka Khartum, aka jera sojoji a gaban kangon fadar Gordon, aka ɗaga tutoci biyu, ta Ingila da ta Masar, aka harba igwa, hafsoshi suka sara. Yarjejeniyar 1899 ta tabbatar da haka, cewa tutocin nan biyu tare za su riƙa tashi a Sudan. A nan aka shuka wata rigima, domin sojan da ke tsaye a ƙasa hannunsa na dama ɗaya ne, tutocin da ke sama kuwa biyu.

Ya kamata in ɗan faɗi asalin sarawar da Turawan Ingila suka zo da ita. Da can sojansu hula yake cirewa idan ya ga babba. A 1745 wata runduna tasu mai suna Coldstream ta ba da umarni a daina cire hula, a riƙa kai hannu gare ta kawai. Daga nan abin ya zauna. Sojan ƙasa na Ingila yakan buɗe tafin hannu ya fuskanci gaba, irin yadda sojojin Najeriya ke yi, na ruwa kuma ya kifa tafin. A ƙa'idarsu takardar muƙamin da sarki ya ba hafsa ita ake gaisarwa, shi ya sa dole ne hafsan ya mayar da sarawar, domin ba tasa ba ce balle ya riƙe. Harba igwa ma asalinta daga jiragen ruwa ne, jirgi ya juye abin da ke cikin bindigoginsa kafin ya shiga tashar wasu, don a san da alheri ya zo. Bambancinta da jinjina ke nan. Mai jinjina makami yake nunawa, mai sarawa kuwa hannu yake nunawa babu komai a ciki, ya kuma janye shi daga kunamar bindiga.

Sai dai Turawa sun san yadda suka tsara abin don ya yi musu daɗi. Duk hafsan Ingila da aka aro wa rundunar Masar, ko da ƙaramin muƙami gare shi a gida, da bimbashi yake farawa. Saboda haka yuzbashi ɗan Sudan da ya tsufa a fagen fama shi zai ƙame wa saurayin da jiya ya sauka daga jirgi. Rantsuwa kuwa, hafsoshin Sudan sarkin Masar suke yi wa, alhali umarni daga bakin Bature yake fitowa.

A 1924 abin ya fashe. Wani tsohon hafsa mai suna Ali Abdullatif, wanda aka taɓa ɗaure shi a 1922 saboda wata takarda da ya rubuta yana nema wa 'yan Sudan haƙƙinsu, ya jagoranci wata ƙungiya mai suna Farar Tuta. Aka sake kama shi. Ranar 9 ga Agusta ɗaliban makarantar horar da hafsoshi ta Khartum suka fito cikin kaki da bindigogi, suna tafiya a jere kamar ranar fareti, ɗauke da tutar Masar. Suka bi titunan birnin har ƙofar gidan Ali Abdullatif, suka tsaya suka yi gaisuwar soja, sannan suka nufi kurkukun Kobar inda yake tsare. Ba su harbi kowa ba. Amma gaisuwar da aka koya musu don Gwamna, sun ɗauke ta sun kai wa fursunan Gwamna, kuma hukuma ta fahimci abin da hakan ke nufi. Aka kama su aka ɗaure, aka rufe makarantar.

A watan Nuwamba na shekarar aka harbe Sir Lee Stack, Gwamnan Sudan kuma shugaban rundunar Masar, a birnin Alƙahira. Ingila ta ce duk sojojin Masar su fice daga Sudan. Ranar 27 ga wata wasu sojoji 'yan Sudan na bataliya ta 11, tare da wani matashin hafsa Abdulfadil Almaz, suka fito za su tsallaka su haɗu da sojojin Masar a Khartum ta Arewa. Aka tare su a hanya. Babban kwamandan Turawa, Huddleston Basha, ya zo da kansa ya ba su umarni su koma, suka nuna masa cewa su daga Rif'at Bek, kwamandan Masar, kaɗai suke karɓar umarni. Daga nan wuta ta tashi. Abdulfadil ya shiga ginin asibitin soja ya yi ta faɗa har aka rushe ginin da igwa, washegari aka tono gawarsa. An harbe hafsoshi uku bayan shari'ar soja. A watan Janairu 1925 Turawa suka kafa sabuwar runduna ta Sudan zalla, suka mayar da rantsuwar hafsoshinta ga Gwamna Janar. Sun gane cewa ba a barin soja da iyayen gida biyu.

Ranar 1 ga Janairu 1956 aka sauke tutocin nan biyu, Isma'il al-Azhari da Muhammad Ahmad Mahjub suka ɗaga ta Sudan. Taken ƙasar da aka ɗauka asalinsa waƙar rundunar soja ce, kuma sunan da suke kiransa da shi, Assalamul Jumhuri, ma'anarsa gaisuwar jamhuriya. Wato yanzu mai aninin ita ce ƙasa. Amma ba a cika shekara uku ba Janar Ibrahim Abbud ya karɓe mulki a 1958. Ja'afar Numairi ya yi nasa a 1969 yana kanar, Umar al-Bashir a 1989. Juyin mulki kuwa, in ka dube shi daga cikin bariki, juya sarawa ne. Wanda jiya ya ƙame maka, yau kai za ka ƙame masa, in ba ka iyawa ka tuɓe kaki.

Mu ma mun ɗanɗana wannan. A ƙarshen Yuli 1966, bayan an kashe Janar Ironsi, Birgediya Ogundipe ne mafi girman muƙami a Ikko. An ruwaito cewa ya ba wani saje umarni, sajen ya ce shi sai abin da kyaftin ɗinsa ya faɗa. Daga nan Ogundipe ya san zance ya ƙare, ya bar ƙasar, Laftana Kanar Gowon ya hau. Ojukwu kuma ya ce ba zai bi Gowon ba, domin a ganinsa ba a bi tsarin girma ba. Aka je Aburi a Janairu 1967 ba a warware ba, a watan Yuli aka shiga yaƙin basasa.

Wannan ya dawo da ni Soba. A 2013 gwamnatin Bashir ta tattara mayaƙan sa-kai da ta yi amfani da su a yaƙin Darfur ta mayar da su runduna, wadda mutanen Sudan ke kira Da'am Sari', kafofin labarai kuma suke kira RSF, ƙarƙashin Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hamidti. A 2017 aka yi mata doka tata. Hafsoshin sojan ƙasa daga kwalejin soja ta Wadi Sayyidna da ke arewacin Umdurman suke fitowa, shi kuwa Hamidti bai bi ta can ba, amma aka yi ta ɗora masa anini. Da aka tumɓuke Bashir a ranar 11 ga Afrilu 2019, Abdulfattah al-Burhan ya zama shugaban majalisar soja, Hamidti mataimakinsa, kuma dukansu biyu muƙami ɗaya suke ɗauke da shi, fariƙ awwal. Kowa da dakarunsa, da kakinsa, da barikokinsa, da hanyar samun kuɗinsa.

A watannin ƙarshe da na yi a Khartum na ga abin da idona. Wata safiya ina zaune wurin wata mai shayi a gefen titi, wani hafsa mai koren kaki yana zaune a kan benci, sai ga wasu samari masu kaki ruwan ƙasa sun sauko daga motarsu mai ɗauke da bindiga. Suka dube shi, ya dube su. Babu wanda ya ƙame, babu wanda ya ɗaga hannu, ko sallamar kirki ba a yi ba. Suka sha shayinsu suka tafi. Abokina ya matso kusa da kunnena ya ce, "Ɗan uwa, ka ga wannan? Wallahi ba lafiya ba." Na ce masa ai ƙaramin abu ne. Ya ce a bariki babu ƙaramin abu.

Tare mutanen biyu suka ture gwamnatin farar hula a ranar 25 ga Oktoba 2021. A ranar 5 ga Disamba 2022 aka sa hannu a kan wata yarjejeniya ta mayar da mulki ga farar hula, wadda a cikinta aka amince za a narkar da RSF cikin sojan ƙasa. Wurin yadda za a yi aka sami saɓani. Soja suka ce cikin shekara 2, RSF suka ce sai 10. Soja suka ce a wannan tsakani RSF ta kasance ƙarƙashin babban kwamandan soja, RSF suka ce a'a, sai dai ƙarƙashin shugaban ƙasa farar hula. Idan aka cire dogon Larabcin da ke cikin takardun, tambayar ita ce wa zai sara wa wa. Aka sa ranar 1 ga Afrilu 2023 don sa hannu na ƙarshe aka ɗage, aka sa 6 ga wata aka sake ɗagewa.

Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, wadda ta zo daidai da 24 ga Ramadan, ina gida Zariya sai ga saƙon murya daga abokina ta WhatsApp, ana jin ƙarar harbi a bayansa. A kudancin Khartum aka fara, wajen rukunin filayen wasanni da kuma Soba, inda RSF ke da babban sansani. RSF ta ce soja ne suka far wa sansaninta na Soba, soja suka ce RSF ce ta fara. Kafin azahar wuta ta kai fadar shugaban ƙasa da filin jirgin sama da hedikwatar soja. Ɗalibanmu da ke can sai a motoci aka kwaso su, wasu ta iyakar Masar, wasu ta Bur Sudan. Mutum fiye da miliyan 10 suka bar gidajensu. Sai a watan Maris 2025 soja suka karɓe Khartum, suka tarar da yawancinta kango. Birnin da aka gina da bulon Soba ya yi lalacewar Soba, kuma ban ga laifin duk wanda ya tuna da tatsuniyar Ajuba ba.

Ba ina cewa rashin gaisuwa ne ya kawo yaƙin ba. Akwai zinariyar Jabal Amir, akwai tsohon gyambon Darfur, akwai ƙasashen waje da kowace ke da nata mutum, akwai tsoron da kowane ɗayansu yake yi wa ɗan uwansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da nake cewa shi ne tsagewar bangon a wurin gaisuwa ake fara hango ta, kamar yadda aka gani a ƙofar gidan Ali Abdullatif a 1924, da Ikko a 1966, da kan bencin mai shayin nan. Sarawa tana aiki ne idan babba da ƙarami duka sun yarda akwai wani abu a samansu wanda ba na ɗayansu ba ne. Idan kowane kwamanda ya mayar da aninin nasa na kansa, an koma zamanin jinjina ke nan, kowane jarumi da ubangidansa, ga shi kuwa makaman yau ba masu da takubba ba ne.

Wannan ya shafe mu, mu da muke zaune a yankin da gwamnatoci ke ɗaukar 'yan sa-kai da 'yan banga suna ba su kaki da bindiga don a yaƙi ɓarayin daji. Bukatar a fili take, ba mai musun ta. Amma duk ranar da za a ba mutum bindiga, ya kamata a tambaya tun da wuri wa zai ƙame wa idan an gama, kuma wace doka ce a saman shi da wanda ya ba shi.

Abokina yana raye, ya kwashe iyalinsa ya bar Khartum, muna gaisawa lokaci lokaci. Wani lokaci nakan tuna dattijon nan na shingen Soba da yaron da ya kira shi baffa, in yi musu addu'a. Allah Ya kawo wa mutanen Sudan sauƙi, Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya kuma kare ƙasashenmu daga irin wannan fitina. Amin.